Rabin Tatsuniya a Marina, Rabi a Majema

A zamanin da, an yi wani sarki wanda ƙasarsa ke zaune lafiya, in ban da unguwa biyu a birninsa, Marina da Majema. Rafi ɗaya suke sha, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ke ɓata ruwan. Gaba ta yi tsamari har 'ya'yansu suka tashi ba su san wani wasa ba sai jifan juna. Ran da aka rotse kan wani yaro, sai Sarki ya kira Wazirinsa, Jatau, ya ce, "In damina ta faɗi ba su shirya ba, zan tashi unguwannin duka biyu."

Waziri ya koma gida jiki a sanyaye, don malamai sun yi wa'azi, dogarai sun yi bulala, duk a banza. Ya tarar da gwaggonsa Ladingo tana yi wa jikokinsa tatsuniya. Tari ya katse ta, sai yara suka hau roƙo, har da mai kawo mata ruwa da gudu don ta ƙarasa. Waziri ya tsaya yana kallo, can ya yi murmushi.

Ya ce, "Gwaggo, ina da aiki gare ki, ke da ƙanwarki Tasalla."

Kashegari bayan magariba Ladingo ta shimfiɗa tabarma a Marina, ta ɗauko labarin kunkurun da ya tafi neman sarauta. Daidai inda kura ta rutsa shi a bakin tulu, sai ta dafe kai ta ce, "Tsufa ya ci ƙarshen, 'ya'yana. Amma na ji ana faɗinsa a Majema."

A Majema kuwa Tasalla ta fara da cewa, "Shi ke nan, sai kunkuru ya fito daga cikin tulu da rawani a kansa." Yara suka ce, "Iya, yaya aka yi ya shiga?" Ta ce, "Farkon yana Marina."

Yara suka kasa haƙuri. Aka fara haɗuwa a gindin wata tsamiya da ke kan iyaka, ana musayar rabi da rabi, wanda ya karkace labari a gyara masa. Kullum tsofaffin nan sai su kawo sabo, a rabe. Iyaye mata suka bi sawu don kamo 'ya'yansu, suka ɓige da tambayar yadda aka ƙare.

Sarkin Marina ya fusata, ya kai ƙara fada, ya ce Majema na lalata musu yara. Waziri ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a kira yaran mu ga irin lalacewar."

Aka kawo su. 'Yar autar Sarkin Marina, Kande, wadda kunya ba ta barinta ta gaida baƙo, ita ta miƙe ta ja labarin kunkuru tiryan-tiryan, har da kwaikwayon muryar kura. Da ta kai bakin tulu, sai yaron nan da aka rotse, ɗan Majema, ya karɓa ya ƙarasa. Fada ta kaure da dariya. Sarkin Marina ya dubi 'yarsa, ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, na janye ƙarata."

Nan take Sarki ya yanke hukunci: a sha ruwa a saman rafi, masu rini su yi aiki a tsakiya, masu jima a ƙasa, gindin tsamiya kuma ya zama dandalin kowa. Sa'an nan, da Waziri ya gaya masa tushen labarin, ya sa aka kira Ladingo ya ce ta yi masa wata tatsuniya.

Ta ce, "Allah ya ja zamaninka, ba a tatsuniya da rana. Mai so ya zo dandali."

Da magariba ta wuce kuwa sai ga Sarki da Waziri a gindin tsamiya, yara suka matsa musu wuri a kan tabarma. Iyakar abin da ya zo kunnena ke nan, ƙurunƙus.