Zalɓe Maroƙi da Ƙwaryar Awo

"Ga ta nan, ga ta nanku, wata ce mai laka har gwiwa."

"Ta zo mu ji ta, ko ba ta wanke ƙafa ba!"

To, ku matso. Kai Cindo, cire hannunka daga kwanon gyaɗar nan.

A can wata fadama akwai wani tabki. Shi kaɗai ne ruwan da ba ya ƙafewa da rani a duk yankin. Tabkin nan cike yake da kwaɗi. Ba irin mai ƙurajen nan da ke laɓewa bayan randa nake nufi ba. Burduddugi nake nufi, mai santsin fata, mai cinya kamar ta budurwar kaza.

"Iya, wai ana cin kwaɗo?"

Ke Dije, daina yatsine fuska. Wasu na ci, wasu ba sa ci. Mutanen fadama kan tsire su a tsinke, su banda su a hayaƙi kamar kifi. Su kuwa dabbobin wancan wuri, shi ne cimarsu duk rani.

Sarkin Ruwan tabkin wani tsohon Kada ne. Haƙoransa sun zube, kunnensa ya yi nauyi, amma dokarsa ba ta tsufa ba. Doka uku ce.

Ta fari, in ruwan farko ya sauka kwaɗi suka fara kuka, to biki suke yi, za su zuba ƙwai. Sai Kada ya kafa sanda a bakin ruwa, ya ɗaura mata kaba. Muddin kabar na nan, ba mai taɓa ko ɗan yatsan kwaɗo, sai bayan kaka ya kwance ta.

Ta biyu, ba a zuba magani a ruwa don kwaɗi su taso a galabaice.

Ta uku, awo. Kada na da wata ƙwarya mai huji a gindi, faɗinsa kamar goruba. Duk wanda ya yi kamu sai ya kawo. A riƙe ƙwarya a saman ruwa, a jefa kwaɗo a ciki. In ya sulale ta hujin ya faɗa ruwa, yaro ne, ya je ya girma. In ya maƙale, naka ne, Allah ya ba ka.

Wanda ya karya ɗaya daga cikin ukun nan, shi da tabkin har abada. Ya nemi wani ruwan. Na kuwa gaya muku babu wani.

Ranar da aka kwance kaba, kowa ya fito da dabararsa. Tunku ya bi gefen da ruwa ya janye yana haƙa laka, don manyan kwaɗi kan binne kansu a ciki su yi barci. Guza ya riƙa kife kwando a kan ciyawar ruwa, ya zura hannu ta sama ya lalubo. Muzuru kuwa ba ya son jiƙa. Sai ya ɗaura fara a zare, ya ɗaura zaren a kara, yana lilo da ita a kan ruwa. Kwaɗo ya yi tsalle ya cafke, shi kuma ya fizge.

Sai Zalɓe. A zamanin nan Zalɓe maroƙi ne, muryarsa zaƙi kamar sarewa. Aibinsa ɗaya, ba ya ƙaunar wahala. Sai rana ta take ya fito yana gyaran fuffuke, ya tsaya bakin-baki inda ƙananan kwaɗi ke wasa, ya tsinci abin da ya tsinta.

Ya kai awo. Aka jefa na fari, sulub! Aka jefa na biyu, sulub! Aka jefa na uku, shi ko gefen hujin bai taɓa ba.

Kada ya ce, "Zalɓe, yara ka kwaso mini?"

"Ranka ya daɗe, manya ne. Ƙaramin jiki gare su."

"Ƙwarya ba ta san wannan ba. Na gaba."

Zalɓe ya koma gida hannu wofi. Matarsa Balbela na kan gawo da 'ya'yansu, kowanne ya wage baki.

Ta ce, "Maigida, ina cefane?"

Ya ce, "Ya koma wanka."

"Yaran nan tun jiya ba su sa komai a ciki ba. Ka sammaka kamar Tunku mana."

"Ni da laka? Ni da ake kira gidan biki?"

Kashegari ya sake kama wani ɗan ƙarami. Yana tafe yana kallonsa da takaici, sai bakin da ya saba ya kubce masa, ya hau yi masa kirari don ba'a. Ni zan faɗa, ku kuma ku ce kumbura.

"Ɗan Burdu, jikan Burdu!"

"Kumbura!"

"Mai tabki, mai laka, mai ciyawa!"

"Kumbura!"

"Ka yi tsalle, giwa ta ba ka hanya!"

"Kumbura!"

Ɗan kwaɗon nan tunda aka haife shi ba wanda ya taɓa kiransa da sunan kakansa. Ya ɗaga kai. Ya ja iska, ya ƙara ja. Ciki ya taso, wuya ya taso, ya zama kamar tulun yara.

Zalɓe ya dube shi, ya dubi inda ƙwarya take, ya yi murmushi. Ya koma bakin ruwa ya tsinto wasu.

Da layi ya zo kansa, ya sunkuya ya raɗa wa na farin kirari a kunne. Ya kumbura, aka jefa, ya maƙale. Na biyu haka, na uku haka.

Kada ya ce, "Yau ka yi abin kai. Amma me kake raɗawa?"

"Addu'a ce, ranka ya daɗe."

"Madalla. Na gaba."

A rana ta biyu da fara dabarar, Zalɓe ya ari tsohon kwandon Guza, ya share bakin ruwa kaf. Ya yi ta raɗa, suna ta kumbura, suna ta maƙalewa. Tunku da ya yini cikin laka har hanci ya riƙa kallonsa ta wutsiyar ido.

A gida Balbela ta buɗe tukunya, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Maigida, kwaɗin nan naka, a kwando manya, a tukunya fata da iska. Me kake yi musu?"

"Wutarki ce ta yi yawa."

"Ba wuta ba ce. Ni dai tsoro nake ji. In Kada ya gane, mu da ruwan nan har abada. Ina zan kai yaran nan da ko tashi ba su iya ba?"

Ya ce, "Kada ko aradu ba ya ji. Zuba mini romo."

A rana ta uku Zalɓe ya je bakin ruwa, wayam. Ya cinye ƙananan. Ya leƙa nan, ya leƙa can, babu. Dole ta sa ya bi ramukan da Tunku ya riga ya haƙa, yana ɗage ƙafa kamar mai taka ƙaya. A can ƙasan wani rami ya zaƙulo wata 'yar mitsitsiya da Tunku ya raina ya bari. Laka ta rufe mata ido, ta cushe mata kunne.

Layi ya yi tsawo ranar. Tunku da buhunsa, Guza da kwandonsa, Muzuru da nasa a ɗaure a igiya, kwaɗin duka da ransu, suna jiran awo. Aka zo kan Zalɓe. Ya sunkuya ya raɗa.

"'Yar Burdu, jikar Burdu."

'Yar kwaɗuwa ta ce, "Na'am? Baba, magana kake?"

Ya ɗan ɗaga murya. "Mai tabki, mai laka, mai ciyawa."

"Wa ya ci wa? Ni ban ci komai ba."

Kada ya ce, "Zalɓe, addu'ar ta yi tsawo. Jefa mu gani."

Gumi ya karyo wa Zalɓe. Ya tuna bakunan da ke jiransa a kan gawo. Haushi kuma ya kama shi, wai yau shi ne zai yi kirari a ce ba a ji ba. Ya manta inda yake. Ya miƙe wuya, ya buɗe murya irin ta gidan biki. Ku taya ni.

"'Yar Burdu, jikar Burdu!"

"Kumbura!"

"Mai tabki, mai laka, mai ciyawa!"

"Kumbura!"

"Ki yi tsalle, giwa ta ba ki hanya!"

"Kumbura!"

Ai kuwa duk kwaɗon da ke layin nan jikan Burdu ne. Kowanne ya ɗauka da shi ake. Na buhun Tunku suka kumbura, buhu ya yage. Na kwandon Guza suka kumbura, kwando ya tarwatse. Na Muzuru suka kumbura, igiya ta tsinke. Tsalle ta ko'ina, tsulum, tsulum, tsulum, duk suka koma ruwa. Wani ƙato ma a kan hancin Kada ya taka ya wuce.

Ita kuwa 'yar mitsitsiyar ta zame daga hannun Zalɓe ta faɗa ƙwarya. Ta ce, "Baba, sai an jima, ban dai ji ba." Sulub.

"Iya, da gaske ba ta ji ba?"

Oho. Wasu sun ce laka ce, wasu sun ce wayo ne. Ni ban leƙa kunnenta ba.

Tunku na riƙe da yagaggen buhu, Muzuru ya jiƙe sharkaf, gashinsa a tsaye.

Kada ya ce, "Kunnena ya yi nauyi, amma wannan addu'ar na ji ta. Ashe ita kake raɗawa."

Zalɓe ya zube. "Ranka ya daɗe, ban taɓa kaba ba. Ban zuba magani ba. Kowane kwaɗona ya shiga ƙwarya a gabanka, ya maƙale."

"Don me aka huda ƙwaryar?"

"Don awo."

"Don ƙanana su wuce su girma. Juya ka dubi bakin ruwa. Ina ƙananan?"

Zalɓe ya juya. Ba ko ɗaya.

Kada ya ce, "To baɗi me za mu ci, mu da 'ya'yanka?"

Nan kunya ta kama Zalɓe, irin wadda bai taɓa ji ba.

Tunku ya ce a kore shi. Guza ya ce a kore shi, ya kuma biya kwando. Muzuru ya ce a kore shi, amma a ba shi shi tukuna su ɗan gana a bayan ciyawa.

Sai ga Balbela ta sauko, 'ya'ya na bin ta suna tangaɗi. Ta durƙusa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ya yi laifi, na kuma gaya masa. Amma waɗannan ba su yi wa kowa kirari ba. In ka kore shi, su ka kashe."

Kada ya dubi yaran. Ya rufe ido har aka zaci barci ya ɗauke shi. Can ya buɗe ɗaya.

Ya ce, "Doka ta ce ƙafafunsa su bar ruwan nan. Zan karɓi rabi, in bar wa yaran rabi. Ƙafa ɗaya a ruwa, ɗaya a sama. Baki kuma a rufe. Ya tsaya nan har babba ya zo da kansa. Ranar da na ji kirari a bakin tabkin nan, ɗayar ma ta fita."

Zalɓe ya ɗage ƙafa. Ya buɗe baki zai yi godiya irin tasu ta maroƙa, Balbela ta yi maza ta danne masa baki da fuffuke.

Shi ya sa har yau in kun je fadama za ku ga Zalɓe a tsaye da ƙafa ɗaya, shiru, yana jira tun safe. Wanda ya ƙi wahalar sammako, ga shi yana yini a rana. Muryar nan mai zaƙi ta yi tsatsa don rashin amfani, in ya tashi sama sai dai ku ji ƙwaaƙ. Abin da yake samu ba ya isar gida, shi ya sa Balbela ke bin shanu tana tsintar fara. Su kuwa kwaɗi kirarin ya yi musu daɗi. Da ruwan farko ya sauka, aka ɗaura kaba, sai su taru su yi wa kansu, wuya na kumbura, don sun san lokacin ba mai taɓa su.

Abin da ke ciki ke nan. Wanda ya cinye ƙanana bana, baɗi ba shi da manya. Ku kuma in wani ya zo yana zuba muku kirari ba gaira ba dalili, ku duba hannunsa, wataƙila ƙwarya ce a ciki.

Ƙurunƙus, kan ɗan burduddugi. Kai Cindo, na ga cikinka ya kumbura, kuma ba kirari aka yi maka ba. Ina gyaɗata?