Bangon Ɗakin Mai Jego

'Yan'uwa, wannan misalin na daɗe da jin sa, a wani gari da na sauka lokacin da nake yawon koyarwa a ƙananan majami'u. Sunan garin ya kuɓuce mini, haka ma fuskar wanda ya ba ni labarin, har wani yanki na tsakiyarsa ya ɓace. Abin da ya rage shi zan ba ku, ina gani kuwa zai ishe mu na yau.

Akwai wani mutum, magidanci, manomi, wanda ya gina gidansa da kaɗan-kaɗan. Duk shekarar da masara ta yi kyau sai ya ƙara ɗaki. Da wutar lantarki ta iso unguwarsu, aka ja masa waya zuwa ɗakunan fari. Daga nan, duk ɗakin da ya tashi sai a jawo masa wuta daga na kusa da shi, a binne wayar cikin bango, a shafe da filasta. Wanda ya ja ta bara dabam, na bana dabam. Wani ma ba sana'arsa ba ce, ya dai taɓa ganin ana yi.

A zaure, kusa da mita, akwai fis, wani ɗan abu na tangaram mai siririyar waya a cikinsa. Gida yana ƙaruwa, kaya suna ƙaruwa: ga fanka, ga dutsen guga, ga firjin da matarsa Bilhatu take sanyaya zoɓon sayarwa. Sai fis ya shiga ƙonewa. Ranar Asabar musamman, da zarar Bilhatu ta jona dutsen guga za ta goge kayanta na zumuntar mata ta majami'a, sai gida ya yi ɗif.

Ta leƙo ta ce, "Maigida, abokinka ya sake yin fushi."

Shi kuma ya tashi ya je zaure, ya sa wata siririyar waya, wuta ta dawo. Ba a jima ba ta sake tsinkewa. Wata rana yana gona abin ya faru, zoɓon Bilhatu duk ya yi tsami, ta zubar da shi tana share ido da bakin zane. Mutumin ya dawo ya gan ta, tausayinta ya kama shi. Ya nemo wayar jan ƙarfe mai kaurin ƙusa, ya lanƙwasa ta, ya ɗaura a gurbin siririyar.

Tun daga ranar fis bai ƙara ƙonewa ba. In ba masu wuta ne suka ɗauke ba, gidansa ba ya duhu. Har maƙwabta sukan zo guga wurinsa, shi kuwa yakan yi murmushi ya ce, "Ni na gama da wannan fitinar."

To, mutumin nan yana da 'yar fari, sunanta Keziya. Bisa al'adar iyayenmu, bai taɓa kiran sunanta da bakinsa ba, sai dai ya ce "yarinyar nan". Ba ya hira da ita a gaban mutane, in yana da magana ta bakin uwarta yake bi. Amma duk mai ido ya san babu wanda ya kai ta a zuciyarsa. Ta yi aure a birni, mijinta Irmiya, ga shi kuma ta sami cikin fari, za ta dawo gida ta haihu ta yi wankan jego a hannun uwarta.

Abin da baki ya kasa faɗa sai hannu ya ɗauka. Mutumin ya zaɓi ɗakin da ya fi kowanne iska, ya kwashe buhunan da ke ciki, ya toshe ramukan ɓera. Ya sayo fenti, shuɗi ne ko kore na manta, ya shafa da hannunsa, ya bushe, ya sake shafawa, har bango ya yi sumul. Ya sa gado da gidan sauro. Ya kuma sayo hita ta dafa ruwa, domin itace ya yi wuya, Bilhatu kuma bayanta ba ya son ɗaukar babbar tukunya safe da yamma. Kullum in ya dawo gona sai ya tsaya bakin ƙofar ɗakin yana kallo.

Ana nan, wata safiya sai ga sallama. Wani mutum ne da jaka a kafaɗa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaida maigidan, ya ce sunansa Habila, injiniyan lantarki ne, aikinsa duba wayoyin gidaje don a san ko suna da lafiya. Irmiya ne ya aiko shi.

Fuskar maigidan ta canza. Ya shiga ciki ya sami Bilhatu.

"Kin ji surukinki? Ya aiko a binciki gidana. Gidan da aka haifi matarsa a ciki! Nan ta girma, ko gashinta ɗaya bai ƙone ba."

Bilhatu ta ce, "To ka bar shi ya duba mana. Waya zai duba, ai ba haƙoranka ba."

"Raini ne."

"Raini ne ko ba raini ba ne, baƙo dai yana zaure, ko ruwa ba a ba shi ba."

Aka kai ruwa. Habila ya sha, ya lura da ran maigidan, sai ya sassauta murya ya ce, "Baba, Irmiya ya ce in roƙe ka gafara, kunya ce ta hana shi faɗa maka da bakinsa. Nasa gidan na fara dubawa, shi ma sai da na samo masa abin gyara. Haihuwar fari ce, barci ma ba ya iya yi."

Mutumin ya yi gyaran murya. "To, duba. Amma ka sani, unguwar nan kaf babu gidan da wutarsa ta kai tawa lafiya."

Habila ya bi ɗaki-ɗaki. Ya kwance soket ya leƙa, ya gwada makunni, ya sa na'urar awonsa nan da can. Ya tambayi inda aka binne wayar kariya da ke zuwa ƙasa, aka ce ba a san da ita ba. Maigidan yana biye da shi, hannu a baya, kamar mai rakiyar likita a kan ɗansa. Da suka dawo zaure, Habila ya zare fis, ya juya shi a hannu, ya dubi maigidan.

"Baba, wa ya sa wannan?"

"Ni ne," in ji mutumin, har da ɗan ɗaga kai. "Tun da na sa ta ba ta taɓa tsinkewa ba."

"Ba kuwa za ta tsinke ba, Baba. Da, in kaya sun yi wa wayoyin gidan nauyi, fis yakan yanke wuta ya gaya maka. Yanzu nauyin yana nan, mai faɗa ne kawai babu."

"Shekara da shekaru ban ga kome ba."

Habila bai yi gardama ba. Ya mai da fis ɗin, ya ce, "Mama, ina roƙon arziki. Ki jona hitar nan a ɗakin mai jego yadda za ki riƙa yi in ta zo, ki kunna fankar, ki yi gugarki kamar kullum. Ina nan tsaye, ba inda zan je."

Bilhatu ta yi yadda ya ce. Ta kawo musu kunu suka sha, Habila yana ta kai da kawowa tsakanin zaure da ɗakin. Da ruwan bokiti ya fara huci, ya kira maigidan.

"Baba, zo ka sa tafin hannunka nan."

Wurin daidai kan gado ne, sama da soket kaɗan, inda gidan sauro yake jingine da bango. Mutumin ya ɗora hannu a kan fentinsa mai kyau, sai ya janye da sauri. Ya sake ɗorawa. Bangon ya yi zafi kamar gefen murhu. Ya matso da hancinsa, ya ji wani ƙauri siriri, irin na roba.

Habila ya ruga ya kashe wutar gidan duka, ya dawo.

Mutumin yana nan tsaye. Ya dubi gadon, ya dubi inda za a shimfiɗa jariri, ta jikin bango, don kada ya faɗo. Da ya buɗe baki, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ɗana, in an mai da siririyar wayar, ba shi ke nan ba? A bar bangon?"

"Za a mai da abin da ya dace, Baba. Amma abin da ya riga ya ci a ciki ya ci. Sai an fasa. In ka ce kada a taɓa, gidanka ne, ba zan taɓa ba. Sai dai ba zan iya ce wa Irmiya ɗakin nan lafiya yake ba."

Bilhatu ta san yawan yammacin da mijinta ya ɓatar a kan bangon nan, don haka wannan karon ba ta yi masa ba'a ba. Ta tsaya bakin ƙofa kawai.

Can mutumin ya miƙa hannu ya ce, "Kawo gudumar. Ni na shafa, ni zan fasa."

Ya buga, fenti ya tsage, filasta ta zube. Ga waya nan a ciki, robarta ta narke ta yi baƙi ƙirin. A nan ne aka haɗa ta da wayar ɗakin kusa, aka murɗe su da hannu, aka naɗe da leda. Ledar ta ƙone tuni, baƙin hayaƙi kuma ya bi hanyar wayar ya nufi sama, inda katakon silin yake.

Bilhatu ta dafe ƙirji ta ce, "Ubangiji ka yi mana jinƙai!"

Mutumin ya ajiye guduma, ya zauna a bakin gadon.

A nan ne yankin da na ce muku ya ɓace mini. Ban tuna yadda aikin gyaran ya gudana ba, ban kuma tuna abin da ya wuce tsakanin mutumin da surukinsa ba, ko da yake ina jin an yi maganar kirki. Abin da na riƙe shi ne, an sauya wayoyin gidan, an binne wadda ke zuwa ƙasa, an jefar da mai kaurin ƙusar. Keziya kuwa ta iso kafin siminti ya bushe, balle a sake fenti. Ta shiga ɗakin ta tarar da tabo mai launin toka, tun daga soket har silin.

Ta ce, "Mama, me ya sami bangon nan?"

Uban yana tsakar gida, ya ji. Bai dube ta ba, matarsa ya duba, ya ce, "Ki gaya wa yarinyar nan bangon ba shi da kyau, amma sanyi gare shi. Ta kwanta."

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙaunatattu: gidan nan rayuwar kowannenmu ce, wadda muka gina ɗaki bayan ɗaki, da abubuwa da yawa binne a bango waɗanda mu kanmu mun manta. Fis kuwa lamiri ne, muryar nan da Allah ya sa a cikinmu, mai yanke mana jin daɗi ta ce, "Tsaya, wannan ya yi nauyi." Tana da ban haushi, gaskiya ne. Takan zo daidai lokacin da muke tsakiyar abin da muke so.

Ku lura, mutumin nan ba mugu ba ne. Tausayin matarsa ne ya sa shi ɗaura waya mai kauri. Haka mu ma, ba safai muke rufe bakin lamiri da mugunta ba. Da dalilai masu kyau muke rufe shi. "Don 'ya'yana nake yi." "Kowa ma haka yake awo a kasuwa." "In na nemi gafararta za ta raina ni." Ranar fari zuciya takan buga. Daga baya sai shiru, mu kuwa mu ɗauka salama ce. Ba salama ba ce, zafin ya koma cikin bango ne. Wanda kuma zai kwana jikin bangon sau da yawa ba mu ba ne, waɗanda muka fi ƙauna ne.

Mai dubawan nan shi ne Ruhun Allah, mai binciken abin da ido ba ya gani. Wani lokaci ta Maganarsa yake zuwa, wani lokaci ta bakin ɗan'uwa, har ma wanda bai kai mu shekaru ba, abin da ya fi mana ciwo ke nan. Ba ya zuwa don ya kunyata mu, ba ya kuma fasa bango da ƙarfi. Yakan kama hannunmu ya ɗora a wurin, ya bar mu mu ji da kanmu. Tuba ita ce mu karɓi gudumar. Tabo zai rage, mutane za su gani su tambaya. Ku bar su su gani.

Kuma kada wani ya ce tsoho ya yi maganar ruhaniya kawai. In wayoyin gidanka sun daɗe, ko ba ka san hannun da ya ja su ba, ka nemi wanda ya koyi aikin sosai ya duba maka, tun kafin hancinka ya gaya maka.

Abu ɗaya ya dame ni bayan na fara ba da wannan misali, don ina tsoron koya wa yara abin da ba haka yake ba. Sai na sami wani ma'aikacin lantarki a wata ikilisiya da na ziyarta, bayan an tashi sujada, na tambaye shi ko ƙarancin kaya ne yake sa a yi wayar fis siririya haka. Ya ce a'a, Baba, da gangan ake yin ta. A dukan gidan ita aka yi mafi rauni, domin in wuta ta yi yawa ita ta ƙone, gida ya tsira.