Malamin Waƙar Da Ya Mai Da Ɗalibansa Kifaye

Akwai wani saurayi a Kampala mai suna Denis Ssebuliba, wanda Allah ya yi wa kyautar murya, shi kuma ya mai da kyautar sandar dukan mutane. Ku ɗan ba ni hankalinku, jama'a, don har yau in na tuna labarinsa sai na ji zuciyata tana tashi.

Murya kam ba a magana. Tun yana ƙarami shi ke jan waƙa a cocinsu, in kuwa ya zauna gaban fiyano har tsofaffi sai sun share hawaye. Yabo ya yi masa yawa, kansa ya kumbura. Ya kai matsayin da in wani yana waƙa a kusa da shi sai ya toshe kunne da yatsa, yana yatsina fuska.

A lokacin yana shekarar ƙarshe a wata jami'a, yana digirin koyar da waƙa da kiɗa. Digirin nan ba a murya kaɗai yake ba. Sai ka iya karanta waƙa a rubuce, ka ƙware a abin kiɗa ɗaya, ka san kiɗa da rawar gargajiya, ka ci darussan sanin halin yara. Daga ƙarshe kuma sai koyarwar gwaji: a tura ka wata makaranta zango guda, jami'a ta aiko malami ya zauna a ajinka ya ga yadda kake koyarwa. Wanda ya faɗi wannan babu digiri, sai ya jira wata shekara.

Denis ya cinye sauran duka. Darussan halin yara ne kawai ya tsallake da ƙyar, don cewa yake ɓata lokaci ne. Wata makarantar 'ya'yan masu hali a unguwar Kololo ma har ta yi masa alkawarin aiki, aka ce ya kawo takardar digiri kawai, aji na jiransa. Mahaifiyarsa, mai sayar da tumatir a kasuwa, tuni ta kai ɗinkin sabuwar gomesi, doguwar rigar adon matan can, domin ranar bikin yaye ɗalibai.

Sai aka tura shi wata sakandaren ƙauye a bayan garin Mityana, shi da wata 'yar ajinsu mai suna Scovia Nandutu.

Tun daga kan boda, wato acaɓa, ya fara tsaki. Ya raina hanyar, ya raina ginin, ya raina posho, wato tuwon masara, da waken da aka ba su da rana. Da aka nuna masa kayan kiɗan makarantar, ganguna uku da wata tsohuwar amadinda, jerin katakai da ake bugawa da sanduna, sai ya taɓa su da bakin takalmi.

"Scovia, nan ne za a gwada ni? Ni?"

"Nan ne dai," in ji ta. "Yaran nan ma 'ya'yan mutane ne."

"Ke ai daidai da ke ne. Muryarki da tasu duk kanwar ja ce."

Ta ci gaba da duba gangunan. Ta san muryarta ba ta kai tasa ba, kuma ba ta taɓa cewa ta kai ba.

Aka ba Denis 'yan aji ɗaya, yara sun haura saba'in a ɗaki guda. Ranar farko ya sa kowa ya tashi ya rera layi ɗaya shi kaɗai. Wanda muryarsa ta yi masa, sai ya ce ya dawo gaba. Wanda ba ta yi masa ba, sai ya kwaikwaye shi har ajin ya fashe da dariya, sannan ya nuna masa baya. Da aka gama, benci biyu na gaba ne kawai suka tsira.

Ya tsaya ya dubi sauran, ya ce, "Kun taɓa ganin kifi a kasuwa? Yana buɗe baki yana rufewa, amma ba ya damun kowa. Daga yau ku kifaye ne. In ana waƙa ku motsa baki, kada in ji ko tari."

Abin takaici, haka aka ci gaba har zangon ya yi nisa. Kullum sai ya tsaya yana horar da 'yan gaba, na baya suna wangale baki kamar masu hamma. Har gyara musu yake yi, wai su riƙa ɗaga gira suna jan numfashi don abin ya yi kama da gaske. Kuma ya ja musu kunne da babbar murya: "Ko kun ji na ce kowa ya ɗaga murya, ba da ku nake ba. Wanda ya kuskura, shi da nome filin ƙwallo."

A cikin kifayen akwai wata yarinya, Nakafeero. Muryarta ƙatuwa ce, tana ɗan kauce wa hanya, amma duk makarantar babu mai son waƙa kamarta. Ita ce wadda Denis ya fi jin daɗin kwaikwaya.

Wata rana kakarta, mai gasa ayaba a bakin ƙofar makaranta, ta tare shi da gasasshiyar ayaba biyu a ganye.

"Malam, ɗana, wata magana ce ke damuna. Jikata da waƙa take tashinmu da safe, da waƙa take fere matoke, ayabar tuwonmu. Yanzu ko a coci sai dai in ga bakinta yana motsi. Na tambaye ta, ta ce kai ka hana."

Denis ya karɓi ayabar, ya gatsa, sannan ya ce, "Kaka, ai godiya ya kamata ki yi mini. Maƙwabtanku sun samu barci."

Tsohuwar ta juya. Ta koma wurin gawayinta, shi kuwa ya wuce yana cin ayabarta.

Scovia ta ji abin da ya faru, ta same shi a ɗakin malamai.

"Denis, ka ji tsoron Allah. Koyarwa aka turo mu, ba tace muryoyi ba."

"Malama Scovia, ki je ki ji da kasuwar da kike kira aji. Jiya da na wuce na ɗauka akuya ce ta maƙale a shinge."

Gaskiya ne ajin Scovia akwai hayaniya. Kowa waƙa yake, mai daɗi da marar daɗi. Wanda ya kasa bin waƙar sai ta ba shi ganga ko tafi, ta zaunar da shi kusa da wanda ya iya, har kunnensa ya saba. Ba daɗin ji kamar na Denis, amma in an tashi yaran da waƙar suke fita.

Ana nan sai labari ya zo cewa malamar da jami'a ta turo, Dakta Apio, za ta iso ranar Talata.

Denis ya shirya tsaf. Ya aro kujerar hedimasta mai laushi ya ajiye a gaba, daidai kusa da zaɓaɓɓunsa. Ya shimfiɗa ƙyalle a tebur, ya ɗora lemo da gurasar chapati. A lissafinsa, duk mai duba koyarwa a gaba yake zama, ya sha lemo, ya ji daɗin waƙa, ya sa maki ya kama hanya.

Dakta Apio ta iso, mace mai manyan shekaru, takalminta duk jar ƙasa. Ta gaisa da yara, ta dubi kujerar da lemon, ta ce, "Na gode, Malam Ssebuliba. Ni a baya nake zama." Ta ratsa tsakanin benci har ƙurya, ta ce wa wata yarinya ta ɗan matsa mata. Yarinyar nan Nakafeero ce.

Denis ya dake. Ya ɗaga hannu, waƙa ta tashi. Daga inda yake tsaye, abin gwanin daɗi.

Daga inda Dakta take kuwa, wani abu ne daban. Waƙar daga nesa take zuwa mata, kamar rediyon maƙwabta. Ta dubi yarinyar da ke gefenta: baki a buɗe, gira a sama, kafaɗa na hawa da sauka, amma ko iska ba ta fita. Ta kara kunnenta. Ta juya hagu, ta juya dama, ta ga duk haka ne.

Ta ɗaga hannu, waƙa ta tsaya.

"Malam, benci biyun gaba su huta. Na bayan nan nake so in ji."

Denis ya dubi 'yan baya. Ya yi murmushin dole, ya ce, "To, 'yan baya, ku ne. Kowa ya ɗaga murya."

Ya ɗaga hannu ya sauke. Yara kusan sittin suka buɗe baki a tare, suka rufe a tare, suna kaɗa kai daidai da kiɗan da babu shi. Ajin ya yi tsit, har ana jin Scovia da yaranta can a ƙarshen gini.

"Na ce ku ɗaga murya. Da ku nake."

Suka ƙara wangale baki, suka ƙara ɗaga gira. Ai ya riga ya gaya musu ko ya faɗi haka ba da su yake ba, kuma babu mai sha'awar nome filin ƙwallo.

Dakta Apio ta dafa kafaɗar Nakafeero. "'Yata, me ya sa ba kya waƙa?"

Yarinyar ta miƙe da ladabi, ta ce, "Malama, mu kifaye ne."

Ba da ƙorafi ta faɗa ba, ba kuma da kuka ba. Ta faɗe shi ne kamar yadda za ta faɗi sunan ƙauyensu. Wannan ne ya fi komai ƙona mini rai a labarin nan, don yarinyar ta riga ta yarda.

Dakta ta sallami yaran, ta rage daga ita sai shi. Denis ya fara zuba: ai dabara ce ta wucin gadi, ai ya fi kowa maki a ajinsu, ai in ta ba shi dama zai rera mata da kansa ta ji.

"Na san ka iya waƙa," in ji ta. "Ba mawaƙi aka aiko ni dubawa ba, malami aka aiko ni dubawa."

"Ranki ya daɗe, aiki na jirana. Mahaifiyata..."

"Su ma da iyayensu. Zango guda aka ba ka, ka koya wa yara sittin cewa muryarsu abin kunya ce. Kuma ka koyar da kyau, ga shi sun haddace." Ta ɗauki jakarta. "Ba zan sa hannuna a ba ka 'ya'yan mutane ba. Ka dawo baɗi."

Ta wuce ajin Scovia. A can ta zauna a baya cikin hayaniya, har aka gan ta tana tafi. Scovia ta ci gwajinta, ba da wani babban maki ba, amma ta ci. Sauran kwanakin zangon ita aka haɗa wa ajin Denis. Da yawa sun dawo da muryarsu, amma Nakafeero har aka yi hutu ganga kawai take yarda ta riƙe.

Kuna tsammanin Denis ya yi nadama? Ko kaɗan. Cewa ya yi Dakta baƙin ciki take yi da baiwarsa. Makarantar Kololo ta ɗauki wani, bai gaya wa kowa ba. Mahaifiyarsa ma bai gaya mata ya faɗi ba. Da ranar bikin yaye ɗalibai ta zo, sai ya yi hayar riga da hula, da nufin ya saje da jama'a a ɗauki hoto a watse.

Uwar ta zo cikin sabuwar gomesi, da 'yan uwa cike da mota, an bar matoke da kaji a kan wuta a gida. Ya ce musu katin shiga ya ƙare, suka tsaya a bayan igiya inda lasifika ke kaiwa. Shi kuma ya raɓa ya tsaya a layin ƙarshe na masu riguna, inda take hango shi.

Aka zo kan sashensu, aka fara kiran sunaye. Duk sunan da aka kira sai dangi su rangaɗa guɗa. Uwar Denis ta gyara tsayuwa, ta kai hannu bakinta tana jira. Aka kira Nandutu Scovia. Aka kira na bayanta, da na bayansa, har aka koma wani sashen. A hankali ta sauke hannunta.

Da aka tashi rufe taro, kowa ya miƙe domin taken ƙasa. Denis, wanda muryarsa ke cika coci, ya buɗe baki zai rera, don kada na kusa su gane ba ya cikinsu. Amma muryar ta ƙi fita. Ya motsa leɓe tun daga farkon taken har ƙarshe, a layin baya, babu abin da ya fito.

Bayan an watse ya nufo su yana gyara hula. Uwar ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce, "Denis, sunanka ban ji ba. Na ce to bari in ji muryar ɗana, ita ma ban ji ba. Bakinka kawai na ga yana motsi."

Ta tattara bakin gomesinta ta nufi mota.

Darasi: Digirin malanta ba shaidar cewa ka fi yara iyawa ba ne, amana ce ta yaron da bai iya ba tukuna. Duk baiwar da ta sa ka rufe bakin na ƙasa da kai, wata rana a gaban wanda ka fi jin kunya za ta bar ka. Ku tura wa malamai da iyaye da masu shirin shiga aikin koyarwa, wataƙila akwai yaron da ke zaune a bencin baya yana jiran a ce masa ya rera.