Igiyar Baban Tagwaye

Akwai wani kafinta da ake kira Baban Tagwaye, gwanin rufin kwano. Ba ya taka rufi sai ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ƙulla ɗaya bakin a jikin katako. Matarsa ce ta saya masa igiyar.

Kullum da safe sai ta riƙe hannunsa a bakin ƙofa ta ce, "Ubangiji, ka ba bawanka zuciya, ka ba shi hankali."

Shi kuwa sai ya ce, "Amin, Maman Tagwaye. Amma hankalin gidan nan ai ke kika kwashe duka."

Wata rana iska ta yaye rufin cocinsu, ya ce shi zai gyara kyauta. Yana shirin hawa, matan zumunta suna shara a ƙasa. Cikinsu akwai Mama Halleluya, wadda ko atishawa ta yi sai ta ce wahayi ne.

Da ta ga igiyar, ta riƙe haɓa, ta ja murya: "Iiikon Allah! Ɗan'uwa, rago ne kai da za a ɗaure? A kan gidan Ubangiji kake fa! Ga mala'iku tsaye, kai kana ta igiya. Kaico, ƙarancin bangaskiya!"

Ya yi murmushi. "Mama, ai ke ma na ga kina riƙe ƙarfe in za ki hau bene."

"Wannan ciwon gwiwa ne, ba tsoro ba!"

Aka kwashe da dariya, har da shi. Amma maganar ta zauna masa a rai. A ce masa matsoraci da sauƙi. Marar bangaskiya kuwa, a harabar cocin da aka yi masa baftisma?

Washegari da sassafe ya hau. Daga ƙasa wata ta ce, "Ga ragon Mama can an ɗaure!" Ya tsaya jim, ya kwance igiyar daga ƙugunsa.

Raɓa ba ta bushe a kan kwanon ba. Shi ya fi kowa sanin haka.

Ƙarar guduma aka fara ji ta faɗo, sannan shi ya biyo ta. Kafin a kai shi asibiti ya cika.

Da matarsa ta iso cocin, ba ta yi ihu ba. Ta ɗaga kai ta ga igiyar tana lilo a jikin katako, ƙullin yana nan daram. Ta ce, "Ai igiyar ba ta tsinke ba." Ta yi ta maimaitawa har aka kama ta aka zaunar.

Wajen jana'iza Fasto ya ce, "Ko Yesu, da Shaiɗan ya ɗora shi kan Haikali ya ce ya dira, ƙi ya yi. Wa cikinmu ya fi shi bangaskiya?"

Mama Halleluya ta durƙusa gaban matar, muryar nan duk ta ɓace. "'Yata, wasa nake yi."

"Na sani, Mama. Amma tagwaye suna tambayar babansu. Wane wasa zan gaya musu?"

Daga baya ta yafe mata. Igiyar kuma ta ba coci, aka ɗaura wa ƙararrawa. Duk Lahadi in aka ja ta, sai ta ƙanƙame hannun yaranta, ta yi musu addu'ar nan ta bakin ƙofa.

Darasi: Bangaskiya ba ta gaba da hankali, Allah ɗaya ne ya ba mu su. Ƙarfin zuciya shi ne ka riƙe abin da ka san daidai ne ko ana yi maka dariya. Mu kuma masu baki, mu auna wasanmu. Ku tura wa wanda kuke so ya dawo gida lafiya.