Azumin Gedaliya da Kujerar Nissim

Akwai wani mai sayar da yadi a unguwar Once ta birnin Buenos Aires, sunansa Nissim Laniado. Shekara goma sha tara shi ne mai jan addu'a a ƙaramar majami'arsu ta Yahudawa 'yan asalin Halab. A bana sai dattawa suka ba wani saurayi, Ariel Cattan, ya ja addu'ar Sabuwar Shekara. Har an ce shi zai ja ta Ranar Kafara, mako guda mai zuwa.

Abin da ya fi ci wa Nissim rai shi ne muryar Ariel tana da daɗi. Kwana biyun idin ya kasa kunne yana neman kuskure, bai samu ko ɗaya ba.

Washegarin idin shi ne Azumin Gedaliya, daga fitowar alfijir zuwa fitowar taurari. Da safe Nissim ya ɗauki mayafin addu'arsa, ya ce wa matarsa Fortuna yau majami'ar 'yan Dimashƙa zai je.

Fortuna ta ce, "Shekara talatin kana cewa 'yan Dimashƙa ba su iya karatu ba."

"Kunnena ne yake son hutu."

"Kunnen ne, maigida, ko dai wani wurin ne ke ciwo?"

Ya fice.

Da rana tsaka ya bi ta shagon maɓallai inda Ariel yake aiki. Ta gefen labule ya hango shi a zaune, ƙoƙon shayin mate a hannu, gutsuren burodi a baki.

Nan take yunwar Nissim ta ɓace. Kowa ya san ƙa'ida: wanda bai yi azumi ba, ba ya jan addu'a a ranar. Zai iya ɗaga labulen ya tambaya. Zai iya samun malaminsu, Haham Yedid, a keɓe. Bai yi ko ɗaya ba. Ya koma shagonsa yana auna yadi yana tsara kalmomi har yamma.

Kafin addu'ar yamma, Haham ya yi ɗan bayani kamar kowace shekara. Ya ce bayan an rushe babban Haikalin Yahudawa, Sarkin Babila ya naɗa Gedaliya a kan 'yan tsirarun da suka rage a ƙasar. Isma'ilu ɗan Netaniya, jinin sarauta, yana ganin shi ya fi cancanta. Ya zauna ya ci abinci a teburin Gedaliya, ya tashi ya kashe shi, sauran jama'a suka watse.

Nissim bai ji komai ba. Yana ganin Haham ya ɗaga kai zai kira mai jan addu'a, ya miƙe zumbur.

"Haham, a gafarce ni, ba don kaina nake magana ba. Kafin a kira kowa, a tambayi wannan saurayin abin da ya ci da rana. Da idona na gan shi ta gefen labulen shagonsu."

Ariel ya sunkuyar da kai. Can sai tsoho Selim, wanda kunnensa ɗaya ya mutu, ya ce da ƙarfi, "Me ya ce? Burodin Ariel? Haba Nissim, ai wannan labarin tun safe ya tsufa!"

Haham ya cire tabarau ya ajiye.

"Da ka zo da safe, da ka ji daga bakinsa. A nan ya tsaya ya gaya wa kowa likita ya gano yana da ciwon suga, ya hana shi azumi, na yau da na Ranar Kafara. Ni na umarce shi ya ci. Ya roƙa a mayar maka da wurinka, ya ce babu wanda ya kai ka sanin karin waƙar Halab. Muka waiwaya, kujerarka ba kowa. Yanzu ma sunanka ne a bakina."

Nissim ya koma ya zauna.

Ariel ya ce, "Haham, ai bai sani ba ne."

Haham ya ce, "Labule ne kawai tsakaninku, ɗana. Da ya tambaye ka, da ya sani." Ya juya ga Nissim. "Ka kame bakinka daga burodi, ka sake shi a kan ɗan'uwanka a bainar jama'a. Kuma a wace rana? Selim, taso ka ja mana. Ka shirya wa Ranar Kafara ma."

"Ni? Da wannan murya tawa ta tsohon zakara?"

"Da ita."

Selim ya ja addu'ar yana tari, yana sa wa karin waƙar abin da ba ya cikinta. Nissim yana kujerar baya, yana jin kowane kuskure, ba shi da bakin gyarawa.

Da taurari suka fito aka shigo da gahawa da busasshen biskit mai riɗi. Ariel da kansa ya kawo masa kofi, ya ce, "Baba Nissim, a sha ruwa lafiya."

Nissim ya karɓa da hannu biyu. Yana riƙe da kofin har gahawar ta huce.

Darasi: Azumi ba kame ciki kaɗai ba ne. Hassada takan raba mutum da rabon da aka riga aka ajiye masa, kuma tambaya ɗaya a keɓe ta fi tonon asiri a gaban mutane. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda yake tsaye a bakin labule yanzu.