Miyar Tafasa a Tukunyar Marka

To, ku gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga ta nan, ga ta nanku, da ɗuminta na kawo muku ita.

Shiru? Ba mai amsawa? To, ta zo mu ji ta, na faɗa da bakina tunda naku ya yi nauyi.

A wani gari can bakin daji akwai wani tsoho, ana ce masa Baba Nomau. Idonsa ya tafi, ba ya gani, amma hancinsa da kunnensa ko na kare albarka. Matarsa Marka ta rasu da kaka, ta bar shi da 'yarsu Ɗelu, ita ke kula da shi. Marka maginiyar tukwane ce. Cikin duk abin da hannunta ya gina, guda ɗaya ce ta rage a gidan, wata 'yar baƙar tukunyar miya mai gajeren wuya. Ta sha daddawa, ta sha hayaƙi, har ta kai ko ruwa zalla ka tafasa a cikinta sai ka ji ƙamshin miya.

Maƙwabcinsu kuwa Kurege ne. Kun dai san Kurege, bakin nan kamar an shafa masa zuma. Sana'arsa tara tsofaffin kaya, akushin da ya tsage, ludayin da ya ga jiya ya ga yau, faifan da kakar wani ta saƙa, ya goge su ya yi ta yawo da su gari gari. Da rani matarsa ta haihu, sai ya zo aron tukunyar Marka don miyar suna. Ɗelu ta ji nauyin maƙwabtaka, ba ta tambayi Baba ba, ta ɗauka ta ba shi. Aka yi suna aka watse, tukunya shiru. In ta tambaya sai ya ce gobe.

Bazara ta shigo da zafinta, sai Baba Nomau ya kwanta ciwo. Ciwon ya zo ya wuce, amma ya tafi da cin abincinsa. A kawo tuwo ya ture, a dama fura ya ture, kunu ma sai ya kurɓa ya ajiye. Tsoho yana ta ramewa, Ɗelu tana ta tagumi.

Ana nan, sai ruwan fari ya sauka. Ƙasa ta yi ƙamshi, kwaɗi suka dawo da surutunsu, tafasa ta tsiro a bayan gida da gefen hanya, kore shar. Sai Baba ya ɗago kai daga tabarma ya shaƙi iska.

Ya ce, “Ɗelu, tafasa ta fito ko?”

Ta ce, “Ta fito, Baba.”

Ya ce, “Ki yi mini miyarta a tukunyar uwarki. Ita kaɗai raina ke so.”

Ɗelu ta miƙe. Ta ce to, ta fita. Ita tafasa, ku 'yan yanzu ba ku sani ba, ba ta jiran kowa. Tana ƙarama take da daɗi. Da ta yi tsawo ta fara fure, ganyen ya yi tauri, ko akuya ba ta kallonta.

Sai Ɗelu ta tafi wurin Kurege. Ta ce, “Malam Kurege, yau ba gobe. Tukunyar Inna na zo karɓa.”

Kurege ya sosa ƙeya. Ya ce, “Ayya, 'yar Baba, surukata ce ta wuce da ita ƙetaren rafi. Amma tsaya in tambaye ki. Tsohon nan gani yake yi?”

Ta ce, “Ba ya gani.”

Ya ce, “To, tukunya ai tukunya ce. Ga wata nan, ki dafa ki ce ita ce.”

Ya ɗauko sabuwar tukunya fil, ya shafe ta da kunkunniya ta yi baƙi ƙirin. Ɗelu ta san ba daidai ba ne, amma kunyar ta gaya wa Baba ta ba da aro ba da saninsa ba ta fi ƙarfinta. Sai ta karɓa. Ta tsinko tafasa ta wanke, ta daka daddawa da barkono, ta sa gyaɗa, ta jefa 'yar kanwa. Ta tuƙa tuwon dawa ta kai masa.

Ya ce, “A tukunyar uwarki?”

Ta ce, “A ciki, Baba.”

Ya kai akushin hancinsa. Sabuwar tukunya da ba a hore ta ba ai sai ta zuba wa miya warin ƙasa. Ya ajiye a hankali, ya ce, “Yau dai ba na jin yunwa.” Ya juya fuskarsa bango.

Washegari ta koma. Kurege ya ce, “Laifina ne, sabuwa na ba ki. Ga tsohuwa ta gaske, ta girme ni ta girme ki.” Tsohuwar ce kuwa, ba ƙarya, sai dai tun da aka gina ta sassaƙen maɗaci ake dafawa a cikinta. Ɗelu ta yi miya ta kai.

Ya ce, “A tukunyar uwarki?”

Ta ce, “A ciki, Baba.”

Ya taɓa da ɗan yatsa ya kai harshe. Ya ce, “Wa ya kwanta kuma, aka dafa masa magani?” Ya juya fuskarsa bango.

Ta sake komawa. Wannan karon Kurege ya ba ta wata tukunyar miya ta ainihi, tsohuwa, mai ƙamshi, amma gindinta a tsage yake, ya liƙe da kakin zuma. Kakin zuma da wuta, ku ma kun san ƙarshen zancen. Miya na fara tafasa sai kakin ya narke, duk ta tsiyaye cikin murhu, wuta ta mutu, hayaƙi ya turnuƙe gidan. Daga ɗaki Baba ya ce, “To, murhu dai ya ƙoshi.” Bai ce mata ƙarya take yi ba, kuma shirun nan nasa ya fi duka ciwo a wurin Ɗelu.

Sai ta yafa zane ta nufi gidan Kurege, ko sallama ba ta tsaya yi ba. Ta same shi tsugune a gaban murhu yana soya shinge, ƙwaron nan mai fiffike da ke fitowa bayan ruwan fari, a kan wani fasasshen gefen tukunya. Kallo ɗaya ta yi wa tsingaron ta gane na tukunyar uwarta ne. Ga sauran gutsattsarin can a ƙarƙashin rumbu, kaji na taka su.

Kurege ya yi tsuru tsuru. Ya ce, “Tun ranar suna ta fashe. Wata ce ta yi tuntuɓe da ita. Na rasa bakin gaya miki.”

Ɗelu ta juye masa shingensa a faifai, ta tattara tsingaron nan kaf, har ƙananan, ta ƙulle a bakin zanenta. Ta koma bayan ɗakinsu ta zauna ta yi kuka mai isarta. Baƙin ciki biyu ne ya haɗe mata, ga abin hannun uwarta ya tafi, ga ubanta na shirin bin sa.

A jikin bangon nan kuwa Zanzaro na ginin ɗakinta, tana kai da kawowa da ɗan yumɓu a baki. Sai ta sauko, da siririn ƙugun nan nata, ta ce, “'Yar Marka, hawaye ba ya kwaɓa yumɓu. Me ya faru?”

Ɗelu ta kwance bakin zane ta nuna mata.

Zanzaro ta ce, “Ni da uwarki rami ɗaya muke ɗiban yumɓu. A wurin magina tukunya ba ta mutuwa. In ta fashe, daka tsingaron ake yi, a tankaɗe, a kwaɓa da sabon yumɓu. Shi ke hana sabuwar tsagewa a wuta.”

Ɗelu ta ce, “Gwaggo, ni ban iya gini ba. Kallon Inna kawai nake yi.”

Zanzaro ta ce, “Ke ki sa hannu, ni in sa baki. Amma ki yi sauri. Sai ta bushe an gasa ta kafin ruwa na biyu, in ba haka ba ta koma taɓo.”

Kurege yana laɓe a bayan danga yana saurare. Zanzaro ta hango jelarsa. Ta ce, “Kai mai tsofaffin kaya, ko ka ɗauko yumɓu da kara, ko in sauka a kan hancinka.” Kurege ya zaɓi yumɓu.

Sai Ɗelu ta zuba tsingaron a turmi. Da ta ɗaga taɓarya sai hannunta ya ƙi sauka. Ta tsaya, ta tsaya, sannan ta yi bisimilla ta daka. Ta tankaɗe, ta kwaɓa, ta fara gini. Na farko ya rushe. Na biyu ya zauna kamar kwaɗo. Na uku ya tsaya, bakin dai ya ɗan karkace, amma ya tsaya. Aka ajiye a inuwa ta sha iska, aka fito da ita rana. Kullum Ɗelu ido ɗaya na sama tana duban hadari, ɗaya na kan tafasa tana ta tsawo, ga Baba a ɗaki muryarsa sai ƙara ƙanƙancewa take yi.

Ranar da gabas ta fara haɗa baƙi aka tara kara da ƙaiƙayi aka gasa ta. Wuta na lafawa yayyafi na farawa. Ɗelu ta ciro ta da sanda ta shige ɗaki da ita, ja wur, ba tsaga ko ɗaya. Sai ta hore ta yadda Zanzaro ta ce, ta tafasa ƙasarin gero da dusa a ciki ta zubar, ta sake, har warin ƙasa ya fita.

Kurege ya leƙo da kunkunniya a hannu. Ya ce, “Kawo in shafa mata, ki ce masa ita ce.”

Ɗelu ta ce, “Malam Kurege, riƙe abinka. Na gaji.”

Ta fita neman tafasa. Ta gefen hanya duk ta yi fure. Sai a gindin wata tsamiya, inda rana ba ta kaiwa sosai, ta samu mai sauran taushi, ta bi tana tsinke kan kawai. Ta yi miya, ta tuƙa tuwo. Wannan karon ba ta zuba a akushi ba, tukunyar ta ɗauka ɗungurungum ta kai gabansa ta durƙusa.

Ya ce, “A tukunyar uwarki?”

Ta ce, “A'a, Baba. Tukunyar Inna ta fashe. Ni na ba da aronta ban tambaye ka ba, kuma duk miyar da na kawo maka ƙarya na yi. Na daka tsingaron na sa a sabon yumɓu, na gina wannan da hannuna. Bakinta ma a karkace yake. Ka yafe mini.”

Sai tsoho ya miƙo hannu. Ya shafa wuyan tukunyar, ya bi karkataccen bakin da yatsa, ya ƙwanƙwasa gefenta ya saurara.

Ya ce, “Wa ya daka miki?”

Ta ce, “Ni na daka.”

Ya ce, “Ta uwarki ni na daka mata. Shekarar da aka kawo ta gidan nan, tukunyar da kakarki ta ba ta ta fashe, ta kasa ɗaga taɓarya don kuka. Na rufe ƙofa na daka, don kada maza su gan ni a bakin turmi. Kin ga ke nan kakarki na ciki, uwarki na ciki, yanzu ga hannunki.” Ya share ido da bayan hannu. Ya ce, “Da kin gaya mini tun farko, da ni zan nuna miki, da tafasa ba ta tsufa tana jiranmu ba. Zubo kafin ta huce.”

Ta zuba masa. Ya yi loma ɗaya, ya yi ta biyu, ya ce gishiri ya yi kaɗan. Bai dai ɗago kai ba sai da ya suɗe akushin, ya tura mata shi ya ce ta duba ko da saura.

To, kun ji. Abin da ya fashe a hannunka, ɗauki gutsattsarin ka kai wa mai shi. Wanda aka nuna ana iya sake gina shi, wanda aka ɓoye kuwa kaji ne za su yi ta taka shi a ƙarƙashin rumbu.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege. Ba don tuwona na jira ba, da na ƙara muku gishiri.