Gorar Waziri da Magudanar Lambun Sarki

An yi wani sarki a wata ƙasa mai tudu da fadama, sunansa Jatau, mai son shuke-shuke ƙwarai, wanda ba azzalumi ba ne, sai dai ya saba a gaskata maganarsa tun kafin ya rufe baki. A birninsa kuwa akwai wata magana da aka gada kaka da kakanni, cewa babu wurin da ya kai fada tudu, har in mutum zai je can sai ya ce zai hau, in zai koma gida ya ce zai gangara. Ba wanda ya taɓa auna wannan magana, domin ba wanda ya ga dalilin jawo wa kansa.

Wata shekara Sarki ya sa aka dasa masa dabino da rumman a wani fili gabas da fada, nisan taki ɗari biyu daga tafkin da ke bayan gidansa. Ya hau doki, ya nuna da sanda inda za a ja magudana daga tafkin zuwa lambun, aka danƙa aikin ga Cindo, shugaban masu haƙa na birnin. Cindo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, na sha bin wannan hanya da kaya a kai, ƙafata kuwa tana gaya mini akwai hawa a cikinta." Fadawa suka yi masa caa, suka ce da ma akwai inda ya fi fada tudu? Cindo ya tara mutanensa suka yi kwana ashirin suna haƙa.

Ranar da aka buɗe bakin magudana, ruwa ya shiga da gudu, ya yi taki sittin, ya rage tafiya, ya tsaya cak. Aka jira kwana uku bai ƙara ko taki ba, dashe kuwa ya fara yaushi. Fadawa suka ce Cindo ya ɓata aikin da gangan don maganarsa ta tabbata, Sarki ya fusata, ya yi hukunci a kore shi daga ƙasar shi da iyalinsa, a karɓe gonar da ya gada.

Sai Waziri Haladu, dattijo mai ƙarancin magana, ya duƙa ya ce, "Ranka ya daɗe, a wannan shari'a akwai masu laifi biyu da ake zato, mutum da ƙasa, an saurari ƙara a kan ɗaya, ba a tambayi ɗayar ba. Ina roƙon jinkirin kwana biyu."

Sarki ya ce, "Na ba ka, Waziri. Amma hujjar da za ka kawo sai wadda idona zai gani, in ba haka ba hukunci yana nan yadda yake."

Waziri ya aika aka saro masa gora miƙaƙƙiya mai tsawon taki biyar, aka tsaga ta biyu, aka fasa gaɓoɓin cikinta, aka toshe bakunanta da danƙo ta zama kwami. Ya zuba ruwa, ya tsaga alama a kowane gefe daidai inda ruwan ya kwanta. Ya kuma sa aka fere turaku arba'in da ɗaya. Turke na farko ya kafa shi a bakin tafki, kansa ya ɗara fuskar ruwa da kamu biyu. Ya kafa na biyu, ya aza gorar a kan su biyun, ya sa Cindo ya yi ta buga na biyun kaɗan-kaɗan har ruwa ya taɓa alamun nan biyu tare. Sannan ya juya gorar, gaba ya koma baya, ya sake dubawa kafin ya wuce. Haka suka yi ta yi, turke bayan turke, har lambu.

Da hantsin kwana na biyu Waziri ya roƙi Sarki ya fito, ya kuma roƙe shi, cikin ladabi, ya bar doki a ƙofa. Fadawa suka kalli juna. Sarki ya sauka, ya aza gorar da hannunsa a kan turaku biyu, ya ga ruwa ya kwanta daidai. Ya ce, "Me ya sa kake juya ta a kowane turke?"

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni na tsaga alamun, kuma ina son Cindo ya kuɓuta. Na ji tsoron kada gorar ta ɗauki halina."

Suka kama tafiya. Turken farko yana kai wa Sarki ƙugu. Da suka yi nisa turaku suka sauko cinya, suka sauko gwiwa, alhali kawunansu duka a kan layi ɗaya suke, Sarki kuwa yana tsayawa yana gwadawa da kansa. Turken ƙarshe, a gindin dabinon farko, taƙi ɗaya kawai, wato rabin kamu, ya leƙo daga ƙasa.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, turaku ba su gajarta ba, ƙasa ce ta taso ta haɗiye su. Lambu ya fi ruwan tafki tudu da kamu ɗaya da rabi, kuma da Cindo zai shekara yana haƙa, ruwan ba zai hau ba."

Sarki ya daɗe tsaye yana duban fada daga nan, ya ji kunya ƙwarai, bai kuwa ɓoye ba. Ya ce, "Shekara talatin ana hawowa wurina, ashe gangarowa ake yi. Cindo, ka faɗa mini tun ranar farko, na ji, na bari aka rufe maka baki. Laifin nawa ne."

Ya soke hukunci nan take, ya bar wa Cindo gonarsa, ya ƙara masa fadama, ya sa shi ya jawo wa lambun ruwa daga rafin da ke arewa, bayan an auna. Waziri kuwa Sarki ya yi masa alkyabba, ya ce ya zaɓi abin da yake so. Waziri ya ce ba ya neman komai sai a rataye gorar a zauren shari'a, a kuma dawo da mutum uku da aka kora bara a kan shaidar fadawa kaɗai, a sake sauraronsu. Aka aika nemansu, aka samo biyu, na ukun ya rasu a baƙuwar ƙasa.

Ku sani, ya ku masu karatu, mai hukunci ba ya zama adali sai ya sauka ya auna abin da kowa ya riga ya yarda da shi, ya kuma juya ma'auninsa ya sake aunawa, tun wanda ake tuhuma yana da rai.